Takardar da Aka Bari a Kujerar Baya

Tun kafin Baffa Garba ya gama cire takalminsa Saudatu ta san ba alheri ya kawo ba. Yadda ya wuce falon Abbanta bai tsaya amsa gaisuwarta ba, shi kaɗai ya ishe ta.

Shi aka tura bincike a kan Ashiru, saurayinta. A gidan mahaifinta, Alhaji Muntaka na Gyaɗi-Gyaɗi, kamar kowane gida, ba a ba mutum 'ya sai an je unguwarsu an ji halinsa. Sai dai shi Alhaji Muntaka nasa binciken a rubuce yake. Shekara talatin da biyu ya yi yana jera fayil a ma'aikatar gwamnati kafin ya yi ritaya, har yau kuma bai yarda da maganar da ba ta kan takarda ba. Da hannunsa ya rubuta tambayoyi tara, ya bar fili a ƙarƙashin kowacce, ya ninke ya ba ƙanin nasa da safiyar Asabar ɗin.

Bayan la'asar aka kira ta. Ta durƙusa kusa da Ummanta, Hajiya Asabe, kanta a ƙasa.

Baffa Garba ya gyara zama ya ce ya je Tarauni, ya sha rana, ya zaga bayan kasuwa inda yaron yake haya. Ya ce wani abin da ya jiyo ba ya maimaituwa a gaban mata. Ɗan adaidaita ne dai irin sauran, daga ƙauye ya zo da jakar leda, ba asali ba mazauni, kuma an ce ba ya rasa ɗan abin nan da suke sha su yi ta gudu a titi.

"An ce," in ji Saudatu a hankali. "Baffa, wa ya ce?"

Umma ta mintsine ta a cinya.

"Ji mini yarinya," Baffa ya juya wajen yayansa. "Yaya, ni za ta tsare da tambaya? Ni na yi mata huɗuba fa."

Abba ya tambayi takardarsa. Baffa ya laluba aljihu, ya ce tana cikin ɗaya rigar, zai kawo. Da wani ne ya faɗi haka da Abba bai yarda ba. Amma amsar da aka kawo masa ta yi daidai da wadda ya riga ya ajiye a ransa, sai kawai ya gyaɗa kai.

Shekara huɗu ke nan da wani ɗan adaidaita ya buge shi a kwanar Court Road ya gudu. Ƙafar ta ɗoru, amma ta bar shi da sanda. Tun ranar bai sake shiga adaidaita ba, kuma duk mai tuƙa ta a wurinsa mutumin nan ne da ya gudu.

Ya ce maganar Ashiru ta ƙare. Ya ce iyayen Anas, ɗan tsohon abokin aikinsa Alhaji Lawan, za su zo neman aure ranar Asabar mai zuwa. Ba zai yi mata dole ba, shekararta ashirin da bakwai, malamar makaranta ce, ta san daidai. Amma ga wanda yake so mata, kuma muddin yana da rai ba zai ɗaura mata aure da mai tuƙa wannan abin ba.

A wannan falon, watan jiya, Ashiru ya zo gaisuwa cikin farar shadda, kuma Baffan nan ne ya ce yaron da natsuwa, daga gani malamin makaranta ne. Sai da suka ji sana'arsa natsuwar ta ɓace.

"Abba, shi Anas ɗin wa aka tura ya binciko shi?"

"Gidan Alhaji Lawan ake bincike? Yaro yana aikin banki, ubansa sananne, kakansa malami."

"Wannan gidansu ne da aikinsa. Shi fa? Sau biyu na gan shi, duk biyun wayarsa yake dannawa. Ni ban san halinsa ba, kai ma ba ka sani ba."

"Tashi ki ba ni wuri."

"Wanda ya buge ka mutum ɗaya ne, Abba."

Hannun Abba ya matse kan sandarsa har jijiyoyin suka fito. Bai ɗaga murya ba, nuna mata ƙofa kawai ya yi.

A ɗaki ta fashe da kuka, ba na tausayin kai ba, na baƙin ciki. Umma ta biyo ta ta yi mata faɗa sosai a kan taɓa maganar ƙafar. Ta ce ubanta ba mugu ba ne, mutum ne da ya saba kowace takarda da aljihun da ake saka ta, in ya saka kuwa ba ya sake buɗewa. Saudatu ta ce ita ba takarda ba ce, Ashiru ma ba takarda ba ne. Umma ta daɗe a zaune bakin gado tana murza gefen mayafinta, sannan ta fita.

Ranar Lahadi sau goma sha ɗaya ta kira Ashiru. Bai ɗaga ba.

*

Ranar Litinin da aka tashi daga makarantar da take koyarwa a Tarauni, ba ta nufi gida ba. Ta taka har gindin darbejiyar da 'yan adaidaita suke fakawa. Abokan aikinsa suna hango ta suka fara, wannan ya ce ga Malama, wancan ya ce Ashiru yau akwai jarrabawa. Ba ta yi murmushi ba, sai suka kama bakinsu.

Ashiru yana zaune a mazauninsa cikin adaidaitarsa, rigar aikinsa mai ruwan ɗorawa a jikinsa. Ta shiga baya ta zauna. Bai waiwayo ba. Ya tayar, ya ɗan matsa gaba da jama'a ya kashe.

"Me na yi maka?"

Maimakon amsa, sai ya buɗe ɗan akwatin da ke gabansa ya miƙo mata wata takarda ta saman kafaɗarsa. Tana warwarewa ta gane rubutun Abba. Tambayoyi tara. Ina yake salla? Su wa yake hulɗa da su? Me mai gidan hayarsa ya ce? Ƙarƙashin kowacce fari fat, ba ko ɗigo.

"A ina ka samo wannan?"

"Inda kike zaune."

Yana kallon titi ya ba ta labarin. Ranar Asabar da hantsi wani dattijo ya tsayar da shi a bakin Court Road. Yana gani ya gane Baffa Garba, ya yi sauri ya cire hula ya gaishe shi. Baffa bai dube shi ba, ya ce Tarauni, shata, ya shige baya yana danna waya. Ashiru ya sake cewa, Baba ni ne fa. Baffa ya ɗaga masa hannu ya ce direba ya yi tuƙinsa, waya yake yi.

Tun daga nan har suka wuce gadar Dangi, maganarsa ake yi a bayan kansa. Baffa ya gaya wa abokinsa cewa yayansa ya ba shi takarda wai ya je binciken ɗan adaidaita. Ya ce me zai bincika, shekara nawa yana hawansu, in ka ga ɗaya ka ga duka. Ya ce wa abokin ya sa a dama fura, yanzu zai iso shagon. A bakin kasuwar Tarauni ya sauka, ya miƙo kuɗin mota fuskarsa na wani wajen. Sau uku Ashiru yana wucewa ta wurin da fasinja, yana hango shi a kan benci har azahar. Daga bencin zuwa ƙofar gidan da yake haya, tafiyar minti biyar ce.

Saudatu ta ce wannan ai shi ke nan, a kai wa Abba takardar.

"A kai don me?" Muryarsa ta canza. "Shekara takwas ina garin nan, Saudatu. Na san ku. In na sa shadda ni mutum ne, in na sa wannan rigar ni ƙeya ce kawai da ake ba umarni. Ku 'yan birni duk haka kuke. Ku hau mu, ku zage mu, ku sauka. Ke ma yau ne kike so, gobe in ƙawayenki suka tambaye ki aikin mijinki, sai kin nemo wani sunan kin sa masa. Ki auri ɗan bankinki, kowa ya zauna cikin irinsa."

Ya ɗago ya nemi idonta a madubi.

"Juyo," ta ce.

Bai motsa ba.

"Ka juyo ka dube ni, ba a madubi ba. Ku 'yan birni. Ni ce ku? Shekara biyu kana zuwa ƙofar gidanmu, ka taɓa jin na ce ka ɓoye adaidaitarka a bayan layi? Kai kake ɓoye ta. Kai ka je ka sa shadda ranar gaisuwa, ni cewa na yi ka zo yadda kake. Shekaranjiya na faɗa wa ubana maganar da ban taɓa zaton za ta fito daga bakina ba, har yau bai amsa gaisuwata ba, saboda kai. Sannan ka zauna ka ba ni ƙeya ka ce ka san mu?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Abin da Baffa ya yi maka shi ka yi mini yanzu. Shi ko ba komai bai san ka ba. Kai ka san ni."

Sai a lokacin ya juyo. Idanunsa sun yi ja. Ya ce ta yi haƙuri, kwana biyu ke nan maganar tana cin sa, ya rasa inda zai sauke ta. Ta ce haƙurin ba yanzu ba. Ta ajiye masa takardar a kan kujera, daidai inda ya tsince ta.

"In kana so na, gobe bayan la'asar ka kawo masa da hannunka. Da wannan rigar. Ka faka a ƙofar gida, ba a bayan layi ba. In kuma ka riga ka san mu, to ka yaga ta."

Ta sauka ta tari wata adaidaitar.

*

Ranar Talata Baffa Garba yana gidan, ya zo a tsara yadda za a karɓi baƙin Asabar. Shi da Abba suna zaune a kan tabarma a harabar gida, ƙofar get a buɗe, Saudatu tana daga bayan labulen falo tana kallon agogo. Har ƙarfe biyar saura kwata ba kowa. Ta fara gaya wa kanta cewa ya yaga.

Sai ta ji ƙarar inji ta tsaya a ƙofar.

Ashiru ya yi sallama ya shigo, hula a hannu, rigar ɗorawa a jiki. Baffa ya ɗaga kai ya kalli rigar.

"Ba mu kira adaidaita ba. Duba gida na gaba."

Abba ne ya gane shi, fuskarsa ta haɗe. Ashiru ya durƙusa nesa da tabarmar ya gaishe su, ya ce ya san an hana shi zuwa, ba zance ya zo ba, wani abin Baba ne aka manta a motarsa. Ya miƙa da hannu biyu.

Abba ya sa tabarau. Ya daɗe yana duban rubutunsa da filayen da ba a cike ba. Ya juya ya dubi ƙaninsa.

"Ka ce tana cikin ɗaya rigar."

Baffa ya ce faɗuwa ta yi, shi ya sa bai so ya faɗa ba, kuma wa ya san inda irin waɗannan suke tsintar kayan mutane. Ya ce shi dai ya je, ya yi tambaya da baki.

Abba ya tambayi Ashiru yadda aka yi. Ashiru ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba: inda ya ɗauke shi, gaisuwar da ya yi sau biyu, maganar wayar, furar, shagon, bencin. Har "in ka ga ɗaya ka ga duka" sai da ya maimaita.

Baffa ya miƙe tsaye.

"Yaya, a gidanka za a zo a ƙaryata ni? Ɗan adaidaita? To ko ban je ba, ƙarya na yi? Waye bai san halinsu ba? Dubi ƙafarka."

"Bar ƙafata," in ji Abba. "Garba, 'yata na ba ka ka je ka duba mini inda za ta zauna har ƙarshen rayuwarta. Ka je ka sha fura."

Ya juyo kan Ashiru, kuma fushin bai ragu ba. Ya ce kada ya ɗauka ya yi wata bajinta. Ya shigo gidan mutane ya kunyata dattijo a gaban yayansa. Don Garba bai je ba, hakan bai wanke shi ba. Takarda fara ba ta ce shi mutumin kirki ba ne, cewa ta yi ba a sani ba.

"Haka ne, Baba. Shi ya sa na yi rubutu a bayanta."

Abba ya juya takardar. Sunaye huɗu ne da rubutun da aka danna biro sosai. Limamin masallacin layinsu. Mai gidan hayarsa. Wata dattijuwa da yake kai wa asibiti duk ranar Alhamis. Na huɗun an rubuta Mu'azu, ba bayani.

"Wannan fa?"

"Abokin aikina ne. Shekara uku da suka wuce muka yi faɗa a kan fasinja, na fasa masa baki, haƙorinsa ɗaya ya fita. Laifina ne. Mun kwana a wajen 'yan sanda. Har yau ba ya yi mini magana. Duk abin da yake mummuna a kaina, shi zai faɗa maka, ba zai rage ba. Na fi so ka ƙi ni a kan abin da na yi."

Baffa ya yi dariyar ƙeta ya ce to ga shi nan da bakinsa, ɗan daba ne.

Umma ce ta fito da butar shayi, abin da ba ta saba yi ba in da baƙo namiji. Ta ajiye a gaban mijinta, ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma har bayan labule Saudatu ta ji.

"Alhaji, ranar da aka buge ka, motoci nawa suka wuce ka a kwance? Wanda ya ɗauke ka ya kai asibiti, jininka duk a kujerarsa, shi ma adaidaita yake tuƙawa. Ba ka cikin hayyacinka, ba ka gan shi ba. Na faɗa maka a lokacin, ka ce in bar maganar."

"Yanzu ma ki bar ta."

"To," ta ce, ta koma ciki.

Abba ya ajiye takardar a kan gwiwarsa. Saudatu tana ganin yadda muƙamuƙinsa yake motsi. Ta san wannan fuskar, ita yake yi in ya gano an saka takarda a fayil ɗin da ba nata ba, kuma shi ne ya saka.

"Saudatu."

Ta fito ta durƙusa. Rabon da ya kira sunanta tun Asabar.

"Ke kika sa shi ya zo?"

"Ni ce, Abba."

"Za mu yi wannan maganar ni da ke. Kawo mini takalmina da biro."

Ta kawo. Ya sa takalmin, ya dafa sanda ya miƙe, ya soke biron a aljihun gaba tare da takardar. Baffa ya ce ina kuma za shi, magariba ta kusa, in dai lallai ne a bari gobe ya ɗauko mota. Abba ya ce ya riga ya aiki mutum sau ɗaya.

A ƙofar gida ya tsaya gaban adaidaitar. Ya daɗe a tsaye. Maƙwabcin da ke alwala a bakin kwata ya bar butarsa yana kallo, don duk layin an san Alhaji Muntaka ya gwammace ya taka da sanda har Zoo Road da ya shiga wannan abin.

Ya fara tura sandar ciki. Ya kama ƙarfen, ya ɗaga ƙafar da ta karye. Ashiru ya matso zai tallafe shi, ya ɗaga masa hannu. Sai da ya yi yunƙuri biyu sannan ya zauna, gumi a goshinsa.

"Ka ji ni da kyau. Ban ce na ba ka ba. Asabar tana nan yadda take, sai abin da na ji da kunnena. Kuma daga wajen Mu'azun nan za mu fara."

"To, Baba."

Ashiru ya shiga mazauninsa, ya kai hannu kan mukulli.

"Dakata," in ji Abba. "Juyo."

Ashiru ya juyo. Abba ya gyara tabarau ya dube shi, tun daga tabon da ke gefen girarsa har zuwa ɗan gemun da bai gama cika ba, kamar mai karanta shafin da za a tambaye shi a kansa.

"Mu je. A hankali."

A bayanta Baffa yana ta faɗa, yana cewa ta zubar masa da mutunci, ba shi ba gidan nan. Saudatu ba ta waiwaya ba. Tana riƙe da ƙarfen get tana kallon adaidaitar tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, har ta isa kwanar Court Road, daidai inda aka taɓa barin ubanta a kwance. Ta ga hannunsa ya fito ya damƙe ƙarfen gefe.

Adaidaitar ta tsaya, ta bar motoci biyu suka wuce, sannan ta karya kwana ta nufi Tarauni.